Hukuncin Taya Mace Neman Komawa Majalisar Dattijai

 

Ya 'yan'uwa masu karatu, wata takarda ce ta iso mini daga wani tsohon ɗalibina wanda na karantar da shi Nahawu da Balaga shekaru da dama da suka shige. Ba zan ambaci sunansa ba, ba kuma zan faɗi garinsu ba, domin abin da ya kawo ya shafi cikin gida. Ya ce mace ce take wakiltar yankinsu a Majalisar Dattijai, ga shi kuma tana neman a sake zaɓenta, an kuwa nemi ya shiga cikin masu bi unguwa-unguwa suna nema mata goyon baya, shi kuma ya amsa saboda ya gamsu da aikinta. Da wansa, uwa ɗaya uba ɗaya, ya ji labari, sai ya ce masa ya saɓa wa Manzon Allah ƙiri-ƙiri, ya daina cin abinci tare da shi a akushi ɗaya kamar yadda suka saba tun suna yara, har ta kai ga ba ya amsa gaisuwarsa sai da ƙyar. Mahaifiyarsu tsohuwa tana tsakani tana zubar da hawaye. Sai ya rufe takardarsa da cewa, "Malam, in janye ne, ko kuwa in ci gaba?"

Na ga ya dace in amsa masa a wannan fili, domin na tabbata ba gidansu kaɗai ne wannan magana ta raba ba.

Malaman Usulu suna da wata ƙa'ida, cewa ba a yanke hukunci a kan abu sai an san hakikaninsa. To, mece ce kujerar sanata? Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya ba kowace jiha daga cikin jihohi 36 kujeru uku, ya ba Abuja kujera ɗaya, watau sanatoci 109 ke nan, kowannensu na shekara huɗu, ba a kuma ƙayyade masa yawan komawa ba kamar yadda aka ƙayyade wa Shugaban Ƙasa da gwamna. Aikinsu shi ne tattauna dokoki tare da Majalisar Wakilai, da duba kasafin kuɗi, da tantance waɗanda Shugaban Ƙasa ya gabatar don zama ministoci da jakadu da manyan alƙalai, da bin diddigin yadda ma'aikatu suke kashe dukiyar jama'a. Sanata ba shi da runduna, ba ya naɗa alƙali da kansa, ba ya zartar da hukunci a kan kowa. Abin da yake da shi murya ɗaya ce a cikin 109, kuma ko dukkansu sun yarda da wani ƙuduri sai ɗaya majalisar ta yarda, sa'an nan a kai wa Shugaban Ƙasa ya sa hannu. Mai karatu ya riƙe wannan, za mu komo gare shi.

Hujjar wan ɗalibina ba ƙarama ba ce, kuma ba daidai ba ne a yi mata riƙon sakainar kashi. Hadisi ne ingantacce wanda Imamul Buhari ya fitar daga sahabi Abu Bakrata, Allah ya yarda da shi, inda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kore samun rabo daga mutanen da suka danƙa ragamar al'amarinsu a hannun mace. Sababin faɗinsa sananne ne. Kisra Sarkin Farisa, wanda ya kekketa wasiƙar Annabi, ɗansa Shirawaihi ya kashe shi a shekarar 628 Miladiyya, ya kuma karkashe 'yan'uwansa maza don kada su yi masa takara. Shi ma bai daɗe ba ya mutu, gidan sarauta ya rasa mazajen da za su gada, sai aka ɗora 'yar Kisra mai suna Buran a kan gadon mulki. Da labarin ya iso Madina sai Annabi ya faɗi abin da ya faɗa. Ba a kuwa jima ba daular ta ruguje a hannun Musulmi, tun daga yaƙin Ƙadisiyya har zuwa Nahawanda. Abu Bakrata kansa ya ce wannan hadisi ne ya tuna a kwanakin yaƙin Raƙumi, shekara ta 36 bayan Hijira, ya hana shi shiga rundunar Uwar Muminai A'isha, Allah ya yarda da ita.

A nan sai mai koyar da Larabci ya ɗan sa baki. Kalmar da aka fassara da "mutane" a hadisin ita ce ƙaumu, ta kuwa zo ne a sake, ba a ƙayyade ta ba, kuma a cikin jumlar korewa. Duk ɗalibin da ya zauna gaban malamin Usulu ya san cewa irin wannan siga tana ba da gamewa, watau kowace al'umma ce ake nufi, ba Farisawa kaɗai ba. Da wannan ne masu hanawa suke kafa hujja, suna ƙarawa da cewa abin lura shi ne gamewar lafazi, ba keɓantar sababi ba. Wannan magana tasu tana da ƙarfi, ni kam ban ga yadda za a ture ta da cewa wai hadisin labarin Farisa ne kawai ba. Amma akwai kalma ta biyu da ba a cika tsayawa a kanta ba, ita ce amru, wadda aka jingina ta ga mutanen, watau "al'amarinsu". Wane al'amari ke nan? Idan aka ce kowane al'amari ne ƙanƙani da babba, to ya zama mace ba za ta shugabanci makarantar 'yan mata ba, ba za ta riƙe dukiyar marayunta ba, alhali kuwa malamai sun halatta a yi wa mace wasiccin marayu, sun kuma halatta ta zama mai kula da waƙafi. Idan kuwa aka ce al'amarin da aka danƙa wa Buran ne ake nufi, watau ragamar ƙasa gaba ɗayanta, yaƙi da sulhu da baitulmali da naɗi da tuɓewa duk a hannu ɗaya, to hadisin ya tsaya a kan shugabanci mafi girma da abin da ya yi kama da shi. A kan wannan shugabanci, wato halifanci, malaman mazhabobin nan huɗu ba su yi saɓani ba cewa namiji ne yake riƙe shi.

Abin da ke ƙasa da halifanci shi ne aka yi saɓani a kansa tun da daɗewa, kuma a babin alƙalanci ne saɓanin ya fi fitowa fili. Imamu Malik da Shafi'i da Ahmadu ɗan Hambali sun shardanta mazantaka ga alƙali, abin da Shaihu Halilu ya tafi a kansa ke nan a cikin Muhtasar, littafin da alƙalan ƙasarmu suka tashi a kansa. Imamu Abu Hanifa ya halatta mace ta yi alƙalanci a cikin abin da ake karɓar shaidarta, ban da haddi da ƙisasi. An ruwaito daga Ibnu Jarir Aɗ-Ɗabari cewa ya halatta a cikin komai, Ibnu Hazmi ma ya halatta mata alƙalanci ya hana ta halifanci. Ibnu Rushdi, Bamalike ɗan Ƙurɗuba, ya kawo wannan saɓani a cikin Bidayatul Mujtahid. To duk waɗannan malamai sun san hadisin Abu Bakrata, ba wanda ya ɓuya gare shi. Fahimtar iyakarsa ce ta bambanta.

Majalisa irin ta yau ba ta wanzu a zamaninsu ba, saboda haka malaman wannan zamani ne suka yi ta fama da tambayar inda za a ajiye ta. A shekarar 1952 Kwamitin Fatawa na Azhar ya ba da fatawa cewa zama ɗan majalisa shugabanci ne na gama-gari, don haka bai halatta ga mace ba. Wannan ya biyo bayan hayaniyar da ta tashi a Masar tun 1951, sa'ad da mata suka kutsa cikin majalisar ƙasar suna neman a ba su 'yancin zaɓe. An ba su a 1956, mata kuma suka shiga majalisar a 1957. Daga baya wasu manyan malamai da suka fito daga Azhar ɗin kanta, irin su Shaihu Muhammadul Gazali da Shaihu Yusuful Ƙardawi, suka tafi a kan halacci. Hujjarsu ita ce ɗan majalisa wakili ne da jama'a suka aika, aikinsa ba da shawara da sa ido a kan masu mulki, kuma hukunci na majalisa ne a dunƙule, ba na mutum ɗaya ba. Wakilci kuwa ya halatta ga mace ba tare da saɓani ba, haka ma nasiha ga shugabanni. Ƙasar Kuwait ta ba mata 'yancin zaɓe a 2005, mata huɗu suka ci kujeru a 2009. A 2013 Sarki Abdullahi na Saudiyya ya naɗa mata 30 a Majalisar Shura mai mutum 150. Ba ina cewa aikin gwamnatoci hujja ne a Shari'a ba, ko kusa. Na kawo su ne don a ga cewa ƙasashen da ba a rasa malamai a cikinsu ba sun bi ta wannan hanya.

Akwai wani abin da ya faru a Pakistan wanda ya cancanci a tsaya a kansa. Shaihu Abul A'ala Maududi yana daga cikin masu tsanantawa a kan shigar mata siyasa, ya kuma rubuta hakan ba sau ɗaya ba. Amma a zaɓen Shugaban Ƙasa na Janairun 1965, da aka tsaya tsakanin Janar Ayub Khan da Fatima Jinnah, ƙanwar wanda ya kafa ƙasar, sai ƙungiyarsa ta Jama'atul Islami ta mara wa macen baya, a kan kujerar da ta fi ta sanata nesa ba kusa ba. Dalilinsu shi ne sun auna ɓarna biyu, suka ga mulkin kama-karya ya fi nauyi. Abokan hamayyarsa sun yi masa gori a kan haka har ya bar duniya. Ni dai abin da na ɗauka daga ciki shi ne, ko a wurin wanda ya tafi a kan hani, maganar ba ta kai matsayin da ba a auna ta da maslaha ba.

Masu halattawa suna ƙarfafa maganarsu da wurare da dama. A cikin Suratun Namli Allah ya ba da labarin Sarauniyar Saba'i, yadda ta tara manyan fadarta ta nemi shawararsu kafin ta yanke hukunci, ta kauce wa yaƙin da ba za ta iya ba, daga ƙarshe ta miƙa wuya ga Allah tare da Annabi Sulaimanu. Masu hanawa sukan amsa da cewa sarautarta ta zamanin kafircinta ce, kuma shari'ar waɗanda suka gabace mu ce. Amsa ce mai ma'ana, sai dai ba ta kore cewa Alƙur'ani ya nuna kyawun hankalinta da shawararta ba. A Suratut Tauba, aya ta 71, an haɗa muminai maza da mata a cikin jiɓintar juna da umarni da kyakkyawa da hani daga mummuna. A Suratul Mumtahana, aya ta 12, an umarci Annabi ya karɓi mubaya'ar mata. Tun kafin nan ma, a mubaya'ar Aƙaba ta biyu, akwai mata biyu tare da maza 73. A ranar Hudaibiyya, shekara ta 6 bayan Hijira, da sahabbai suka yi nauyin jiki wajen yanka hadaya da aski saboda baƙin cikin sharuɗɗan sulhu, shawarar Ummu Salama ce ta warware matsalar: ta ce Annabi ya fita ya yi nasa ba tare da ya yi wa kowa magana ba, da ya yi kuwa sai kowa ya tashi.

Wata hujja kuma da nake yawan ji a bakin 'yan boko ita ce wai Sayyidina Umar ya naɗa Shifa'u 'yar Abdullahi a kan kasuwar Madina. Ina shawartar ɗalibina kada ya dogara da ita a gaban wansa, domin Alƙali Abubakar Ibnul Arabi, Bamalike, ya ce wannan ruwaya ba ta inganta ba. Wanda yake da gaskiya a hannu ba ya bukatar ya jingina ta da katangar da za ta rushe.

Mu dawo gida. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah ya jiƙansa, ya yi kakkausan suka a cikin Nurul Albabi ga malaman da suke karantar da almajirai a waje suna barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda aka haifa a 1793, ta kafa tsarin 'yan taru, inda jajoji suke zuwa daga ƙauyuka su ɗauki karatu su koma su karantar da 'yan'uwansu mata, ta kuma kasance mai faɗa a ji a wurin ɗan'uwanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Gaskiya ne ba a ba ta tuta ba, ba a kuma naɗa ta sarautar wani gari ba, kada a ɗora wa tarihi abin da bai ɗauka ba. Abin da ta riƙe shi ne ilmi da shawara, waɗanda su ne kayan aikin majalisa.

A zaɓen tarayya na 1959 matan Kudu sun jefa ƙuri'a, matan Arewa ba su jefa ba. Malam Aminu Kano da jam'iyyarsa ta NEPU suna daga cikin masu kiran a ba su, Hajiya Gambo Sawaba kuwa ta sha ɗauri sau da dama a kan wannan gwagwarmaya. Sai a 1976, wajen gyaran ƙananan hukumomi, aka buɗe musu ƙofa, suka kuma yi zaɓen gama-gari na farko a 1979. Ina ɗan yaro a lokacin, amma ban manta da yadda iyayenmu mata suka fito cikin mayafansu suka ja layi nasu daban ba, wasu dattawa suna ta salati suna cewa duniya ta zo ƙarshe. Yau ba ka jin malamin da yake hana mace jefa ƙuri'a, hasali ma kira ake yi a fito da su, tun da an gane cewa al'ummar da ta bar rabin ƙuri'unta a ɗaka ita ce take kwana a ciki. Shiga majalisar dai har yanzu da sauran tafiya: a 1999 mata uku ne cikin sanatoci 109, a 2007 suka kai tara, a zaɓen 2023 aka rantsar da uku, ta huɗu ta shigo daga baya ta hanyar kotu.

Misalin da ya fi kusa da tambayar ɗalibina shi ne na Hajiya Zainab Abdulƙadir Kure, wadda mutanen Neja ta Kudu, ƙasar Nufawa, su Bida da Agaie da Lapai da Mokwa, suka zaɓa a 2007 a ƙarƙashin jam'iyyar PDP, suka kuma sake zaɓenta a 2011, kafin kujerar ta koma hannun APC a 2015. Abin lura a nan shi ne Jihar Neja tana cikin jihohin da suka ƙaddamar da Shari'a a shekarar 2000, a zamanin mulkin mijinta, marigayi Injiniya Abdulƙadir Kure, yankin nata kuwa yanki ne na Musulmi masu riƙo da addini, mai tsohon tarihin malanta. A babban birnin jihar, Minna, aka kafa tarayyar ƙungiyoyin mata Musulmi ta FOMWAN a 1985. Duk da haka mutanen ba su ga cewa sun warware Shari'arsu don sun aika mace majalisa ba.

Kada kuma a ɓoye ɗaya ɓangaren. Ba mai musun cewa kasancewarta matar gwamnan da ya yi shekara takwas a kan mulki ta share mata hanya a karon farko, haka kuwa abin yake ga mata da yawa da suka kai wannan matsayi a ƙasar nan, kamar yadda 'ya'yan manya maza ma suke hawa a kan sunan iyayensu. Saboda haka ne zaɓe na biyu ya fi na farko muhimmanci a wurina. A karon farko alkawari ake saya da suna. A karo na biyu kuwa akwai shekara huɗu a ƙasa da za a iya aunawa. Ita Hajiya Zainab an san ta da ƙudurin kafa hukumar kula da wuraren kiwo da burtaloli ta ƙasa, wanda ya nemi faɗaɗa abin da tsohuwar Jihar Arewa ta fara da dokarta ta wuraren kiwo ta 1965. Ƙudurin ya sha suka, musamman daga masu tsoron a ƙwace wa manoma gonaki, bai kuwa zama doka ba. Ko mutum ya yarda da shi ko bai yarda ba, ya sami abin da zai kama ya yi hukunci, domin magana ce ta jinin manoma da makiyaya, wadda ta fi rabon atamfa nauyi a mizani.

To, ga abin da na rinjayar, ina mai neman tsarin Allah daga son zuciya. Kujerar sanata wakilci ce da shawara da sa ido, ba ita ce shugabancin da hadisin Abu Bakrata ya yi magana a kansa ba, saboda haka ban ga laifi a kan ɗalibina don ya taya mace nemanta ba. Kujerar gwamna da ta Shugaban Ƙasa magana ce dabam, ta fi kusa da wurin hanin, ba kuwa ita aka tambaye ni ba. Wanda kuma ya bi fatawar hani, ya ƙi ba mace ƙuri'arsa don tsoron Allah, ya bi malamai na gaske, ba mai ikon kiransa jahili ko maƙiyin mata.

Sai dai halacci bai ƙare maganar ba. Ƙuri'a shaida ce, mai yawon nema wa wani ƙuri'a kuwa shaidarsa ta fi ta mai jefawa nauyi, domin shi yana ɗaukar amanar duk wanda ya gaskata shi. Allah ya haɗa hani daga shaidar zur da hani daga bautar gumaka a aya ɗaya cikin Suratul Hajji, ya kuma yi umarni da mayar da amana ga masu ita a Suratun Nisa'i, aya ta 58. Ma'aunin da Alƙur'ani ya bayar na wanda za a ɗauka aiki siffa biyu ne, ƙarfi da amana, a Suratul Ƙasasi, aya ta 26. Abin sha'awa kuwa, a bakin mace aka kawo wannan ma'auni, ɗaya daga 'yan matan nan biyu na Madyana da Annabi Musa ya shayar wa dabbobi. Saboda haka kafin ɗalibina ya buɗe baki a ƙofar gidan kowa, ya binciki waɗannan: shin tana halartar zaman majalisa, ko kuwa sai ranar rantsuwa da ranar rabon kwamitoci? Wane ƙuduri ta kawo, a kan wanne ta tsaya, wanne ta ƙi? Ayyukan mazaɓa da aka rubuta da sunan yankinsu a kasafin kuɗi, rijiyar burtsatse ce ko ɗakin shan magani ko ajin makaranta, ya je da ƙafarsa ya gani, suna nan ko a takarda suka tsaya? Talaka yana iya ganinta, ko sai ta hannun 'yan koren da suke cin rabin saƙo a hanya? Sa'an nan ya dubi wanda yake takara da ita da irin wannan ido. Idan namijin ya fi ta ƙarfi da amana, to taya ta don kawai a ce an sami mace a majalisa cin amana ne. Idan ita ta fi shi, to ture ta a ɗauki wanda aka san macuci ne don kawai yana da gemu, wannan ma sai an amsa tambaya a kansa.

Yadda ake neman ma yana da hukuncinsa. Raba kuɗi da taliya da sabulu da turmin atamfa a daren zaɓe don a sayi ƙuri'a rashawa ce, ko mace ta bayar ko namiji, kuma wanda ya ɗauki jakar ya kai yana cikin zunubin. Abin takaici, mata talakawa aka fi yi wa wannan cin fuska, a sayi shekara huɗunsu da abin da ba zai kai mako guda a tukunya ba. Haka ɗaukar 'ya'yan mutane a ɗura musu ƙwaya a ba su gora da adda su raka ayari. Haka sa mutane su dafa Alƙur'ani a kan za su zaɓi wane ko wance. Haka mayar da mumbari dandalin talla, abin da ko Dokar Zaɓe ta 2022 ta hana a wuraren ibada. Tarukan ma a kiyaye su daga cakuɗar da ba ta dace ba da raye-rayen da ke zubar da mutunci. Mace 'yar takara tana da wata dama da namiji ba shi da ita, ta shiga cikin gidaje ta zauna da matan kulle ta ji kukansu a kan awon ciki da ruwan sha da makarantar 'ya'yansu, wannan kuwa ya fi gangamin filin wasa amfani da tsafta.

Akwai wani zunubi da ya keɓanta da takarar mata, wanda ya wajaba in ja kunnen kowane ɓangare a kansa. Da zarar mace ta fito, abin da abokan hamayya suke fara kai wa hari shi ne mutuncinta: a ce ai ta wane ce, ai da kaza ta sami tikiti. Yanzu kuma ga waya a hannun kowa, mutum yana kwance a ɗakinsa zai tura wa mutum ɗari abin da bai gani ba. Wannan shi ne ƙazafi, wanda Suratun Nur ta yanke wa mai yinsa bulala 80 idan bai kawo shaidu huɗu ba, ta zubar da shaidarsa, ta kuma ambaci la'ana duniya da lahira ga masu jifan kamammun mata muminai. Shigar mace majalisa abu ne da malamai suka yi saɓani a kansa. Ƙazafi kuwa ba a taɓa samun malami biyu da suka saɓa a kan cewa yana cikin manyan zunubai masu halakarwa ba. Na sha ganin mutum yana kumfar baki a kan na farkon, alhali yana ninƙaya a cikin na biyun.

Saura maganar wanka, ya kai ɗalibina. Ka ce ya daina amsa gaisuwarka sai da ƙyar. Ka sani Manzon Allah ya hana Musulmi ya ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana uku, ya kuma fifita wanda ya fara yin sallama, wannan ga ɗan'uwan Musulunci ke nan, balle wanda kuka sha nono ɗaya. Kai ne ƙarami, kai za ka je. Kada ka tafi da jarida a hannu kana cewa ga abin da Malam ya faɗa, domin ba a gayyatar babba zuwa ga kunya. Ka same shi bayan sallar Asuba, ka durƙusa ka gaishe shi, ka ce masa, "Yaya, na san don Allah ka yi fushi, ba don kanka ba." Ka gaya masa ka bincika ka tarar malamai sun kasu biyu, kai ka bi ɗaya, shi ya bi ɗaya, ba kuwa za ka nemi ƙuri'arsa ba, ba za ka manna hoton kowa a bangon gidanku na gado ba, ba kuma za ka kawo taron siyasa zauren da yake karatu ba. Abu Bakrata da ya ƙi fita tare da Uwar Muminai komawa gidansa ya yi ya zauna, ba a ruwaito ya tsaya yana zaginta ko yana kafirta waɗanda suka bi ta ba.

Idan kuwa ka yi duk wannan abin ya ƙi, har ka ga hawayen mahaifiyarku ba za su tsaya ba sai ka bar yawon, to ka bar shi. Yawon neman ƙuri'a halal ne a gare ka, bai zama wajibi ba, akwai wasu da za su yi shi. Sada zumunci da faranta ran mahaifiya kuwa wajibai ne da ba wanda zai ɗauke maka. Ranar zaɓe ka shiga rumfa kai kaɗai, ka dangwala wa wanda bincikenka ya nuna maka, ka dawo gida ku ci tuwon dare tare da wanka.

Allah shi ne Mafi sani.